Shin mai lalurar taɓin hankali ba ya samun inshorar lafiya?

An daɗe ana faɗin cewa duk wanda likita ya tabbatar yana da lalurar taɓin hankali mai tsanani, babu kamfanin inshora mai zaman kansa da zai karɓe shi. Masu wannan tunani suna da uzuri, domin a da an sha mayar da irin waɗannan mutane.

Amma a yau lamarin ya danganta ne da dokar ƙasa da kuma irin tsarin da aka saya. A Amurka, tun daga 2014 doka ta hana a ƙi mutum ko a ƙara masa kuɗi saboda ciwon da yake da shi kafin ya shiga manyan tsare-tsaren inshora. A Ostiraliya kuwa, wa'adin jira kafin a fara biyan kuɗin jinyar taɓin hankali a asibiti bai wuce wata 2 ba. A Birtaniya galibi ana karɓar mutum, sai dai a cire tsohon ciwon daga abin da za a biya, wanda a ganina nan ne ainihin matsalar take.

Domin tantancewa, a karanta sashen takardar yarjejeniya da ya lissafa abubuwan da ba a biya da wa'adin jira, a nemi amsar kamfani a rubuce, sannan a duba ƙa'idojin hukumar da ke kula da inshora. Kada a ɓoye ciwon idan an tambaya, domin hakan na iya sa a soke yarjejeniyar.

Don Allah a isar da wannan bayani ga masu jinya da iyalansu.