Ibnu Khaldun: Tasirinsa da Yawan Ambatonsa a Binciken Tarihi

Abdurrahman Ibnu Khaldun masanin tarihi ne, kuma alƙalin Malikiyya. An haife shi a Tunis a 1332, ya rasu a Alƙahira a 1406. Babban aikinsa shi ne Kitabul Ibar, mai juzu'i bakwai a bugun Bulaƙ ta Alƙahira. Gabatarwar littafin, wato Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377 a Ƙal'at Ibn Salama cikin Aljeriya ta yau, ta fi uwar littafin suna nesa ba kusa ba. A cikinta ne ya baje ra'ayinsa a kan asabiyya, wato ƙarfin zumunci da haɗin kai da ke kafa daula, yana kuma kwancewa idan jin daɗi ya yi yawa.

Sunansa bai bazu nan take ba. Almajirinsa Maƙrizi ya yabe shi, Ibnul Azraƙ na Andalus ya naƙalto shi da yawa, sai Turkawan daular Usmaniyya suka ɗauka, har Pirizade ya fassara mafi yawan Muƙaddima zuwa Turkanci wajen 1730. A Turai, Quatremère ya buga Larabcinta a Paris a 1858. De Slane ya fassara ɓangaren tarihin Barbar zuwa Faransanci daga 1852 zuwa 1856, daga baya ya fassara Muƙaddima. Fassarar Ingilishi ta Franz Rosenthal ta fito a 1958, ta Vincent Monteil da Faransanci a 1967 zuwa 1968.

Inda nauyinsa yake a tarihin ƙasarmu

Ƴan shafuka ne kawai ya ware wa Biladus Sudan, wato ƙasashen baƙar fata na kudu da Sahara, amma a kansu aka jingina jerin sarakunan Mali na ƙarni na 13 da na 14: Mari Jata, Mansa Wali, Sakura, Mansa Musa, Mansa Sulaiman da sauransu. Yana kuma faɗin bakin da ya ji labari, kamar Shaihu Usman, faƙihin mutanen Gana, wanda ya sadu da shi a Masar a 1394.

A waɗannan shafuka ne aka yi wani tuntuɓe da ya daɗe yana yawo. Larabcin yana nufin sarauta ta tashi daga zuriyar Mari Jata ta koma zuriyar ɗan'uwansa Abubakar, ta hannun Mansa Musa. Fassarar De Slane ta mai da wannan Abubakar sarki mai ci. Maurice Delafosse ya ɗauka a 1912, na baya suka kwafa daga gare shi, sai ga "Abubakari na biyu" ya samu gindin zama, har aka liƙa masa labarin sarkin nan da ya shiga tekun Atlantika bai dawo ba, labarin da Umari, marubucin Larabci na ƙarni na 14, ya kawo ba tare da suna ba. Nehemia Levtzion ne ya koma ga Larabcin a 1963 ya gano inda gizo ke saƙa. Har gobe ana maimaita kuskuren, ana kuma rubuta "in ji Ibnu Khaldun".

Batun Takadda, tsohon garin fatauci a Sahara, ya fi kusa da mu a Nijar. Ibnu Khaldun ya ce a 1353 ya haɗu a Biskra, cikin Aljeriya ta yau, da manzon sarkin Takadda, wanda ya gaya masa ayarin raƙuma 12,000 ya ratsa garinsu zuwa Mali a shekarar. Masana da dama suna ganin kangon Azelik, arewa da Ingal, shi ne Takadda, amma wasu sun ce Ibnu Khaldun ya gauraya ta da Tadmakka ta ƙasar Mali. Mai kafa hujja da adadin dole ya faɗi wannan saɓani. Ya kuma kawo labarin raƙumin dawa da sarkin Kanem ya aika wa sarkin Tunis a 1257. Damagaram kuwa ba ta cikin littafinsa, don sai a ƙarni na 18 aka kafa sarautarta.

Ƙirga ambato

Rumbunan intanet irin su Google Scholar, Scopus da Web of Science suna ƙirga sau nawa aka ambaci aiki. Ga marubuci irin wannan, lissafin ba ya tsayuwa. Da fari sunan ya rabu: Khaldun a Ingilishi, Khaldoun a Faransanci, Haldun a Turkanci, ga na Larabci. Kowace fassara da kowane bugu suna fitowa daban, wani lokaci a ƙarƙashin sunan mai fassara. Scopus da Web of Science sun fi tattara mujallu fiye da littattafai, sun kuma fi karkata ga Ingilishi. Ma'aunin h, wanda Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005 don auna tasirin marubuci, yana buƙatar ayyuka masu yawa da kowannensu ya samu ambato. Wanda shahararsa ta rataya a kan littafi guda ba zai yi nisa a kansa ba. Karatun da ake yi a zaurukan malamai na unguwannin Birni ko Zango a Zinder kuwa babu na'urar da ke ganinsa.

Sa'an nan ba kowane ambato ne hujja ba. Da yawa ado ne: jimla ɗaya a farkon rubutu, a wuce. Ko Ronald Reagan, shugaban Amurka na lokacin, ya kira sunan Ibnu Khaldun a 1981 yana kare rage haraji.

Ɗalibin tarihi a Jami'ar André Salifou ta Zinder, wanda galibi fassarar Faransanci ce a hannunsa, ya kamata ya rubuta sunan mai fassara, shekarar bugu, juzu'i da shafi, ya ƙara lambar babi da ta fasali, domin shafuka suna sauyawa daga bugu zuwa bugu. Ko lambar fasalin ma takan bambanta, don marubucin ya yi ta gyara littafin har ƙarshen rayuwarsa, wasu bugunan kuma ba su da fasalan da ya ƙara. In magana ta shafi sunan sarki, nasaba ko adadi, a buɗe Larabcin, ko a duba tarin nassoshin da Cuoq ya fitar a 1975 da na Levtzion da Hopkins na 1981.