Girka Ƙugiyoyin Git Kai Tsaye

A tsarin adana sigogin manhaja, ƙugiya ƙaramin shiri ne da ke tashi da kansa a wani mataki na aiki, kamar lokacin ajiye canji ko tura shi. A Git, wanda ɗaya ne daga irin waɗannan tsare-tsare, idan ƙugiyar pre-commit, wadda ke tashi kafin ajiye canji, ta dawo da lambar da ba sifili ba, wato alamar matsala, Git yakan dakatar da ajiyar.

Asali

Dabarar ta girmi Git. A cikin tsare-tsaren da suka gabace shi, CVS na da fayiloli irin su commitinfo da loginfo, Subversion ma, wanda sigarsa ta 1.0 ta fito a 2004, yana da nasa ƙugiyoyin. Duk waɗannan a uwar garke, wato babbar kwamfutar da kowa ke haɗawa da ita, suke zaune, mai kula ya girka sau ɗaya, doka ta hau kan kowa. Da Linus Torvalds ya ƙirƙiro Git a 2005, kowane mai aiki ya mallaki cikakkiyar ma'ajiya a kwamfutarsa, aka ajiye ƙugiyoyi a foldar .git/hooks, wadda ba ta bin ma'ajiyar idan an kwafo ta.

Wannan kariya ce babba. Da a ce foldar tana bi, kwafo aikin baƙo kaɗai ya isa shirinsa ya samu hanyar gudana a kwamfutar mutum. A 2024 an toshe wata ɓaraka mai lamba CVE-2024-32002, wadda ke bari a cusa ƙugiya ana cikin kwafowa. Sai dai kariyar ta zo da nauyi: dole kowane mai ba da gudummawa ya girka nasa, kuma mantuwa ba ta da wuya.

Hanyoyin girkawa

Tun can akwai foldar samfuri da Git ke zubawa cikin kowace sabuwar ma'ajiya. Git 2.9 na 2016 ya kawo saitin core.hooksPath, wanda ke ba da damar nuna wa Git wata foldar ƙugiyoyi dabam, ko da tana cikin aikin kansa. Husky, manhajar girka ƙugiyoyi a ayyukan JavaScript, yana dogara da shirin prepare na fayil ɗin package.json, wanda ke tashi bayan npm install, umarnin girka abubuwan da aikin ke buƙata, sai ƙugiyoyin su zauna ba tare da an nema ba. Wata manhaja mai suna pre-commit ita ma, da Anthony Sottile ya fara a wajajen 2014, tana buƙatar a buga umarnin girkawa sau ɗaya. Akwai kuma Lefthook, wata manhajar girka ƙugiyoyi.

Saɓani

Wasu na ganin girkawa ba da izini ba keta haddin mai kwamfuta ne, wasu na ganin sauƙi ne. Tunda ƙara --no-verify a umarnin Git na tsallake ƙugiya, ayyuka da yawa sukan maimaita binciken a uwar garke.