Ƙwayoyin dendiritik

Ƙwayoyin dendiritik jinsi ne na fararen ƙwayoyin jini da ɓargo ke samarwa. Suna zaune a fata, hanji da huhu, wato ƙofofin da cuta ke bi ta shiga jiki. Sunansu ya samo asali daga kalmar Girkanci mai nufin bishiya, saboda rassan da suke miƙawa. Su ne ke kai rahoton cuta ga ƙwayoyin T mataimaka, wani jinsin fararen ƙwayoyin jini, waɗanda asibiti ke ƙirgawa da sunan CD4.

Tarihi

A 1868, Paul Langerhans, yana ɗalibin likitanci a Jamus, ya ga irinsu a fatar ɗan Adam, ya zaci na jijiya ne. Aka shafe fiye da shekara ɗari kafin Ralph Steinman da Zanvil Cohn na Jami'ar Rockefeller a Amurka su ware su daga saifar ɓera a 1973. Ƙwayoyin ba su da yawa, ga wuyar tacewa, don haka masana da dama suka daɗe suna shakka. Steinman bai saki aikin ba, har ya nuna cewa babu kamarsu wajen tayar da ƙwayar T da ba ta taɓa gamuwa da cuta ba. An sanar da ba shi kyautar Nobel ranar 3 ga Oktoban 2011, kwana uku bayan rasuwarsa.

Aikinsu

Idan ƙwayar dendiritik ta haɗiyi ƙwayar cuta, sai ta daddatsa ta, ta ɗora guntayen a jikinta, ta bi magudanar ruwan jiki zuwa kaluluwa mafi kusa. Shi ya sa miki a ƙafa kan kumbura matsematsi. A can takan nuna wa ƙwayar T guntun, ta tabbatar mata akwai haɗari, sannan ta fitar da sinadarin da ke zaɓa mata hanya. Sinadarin IL-12 kan mai da ita Th1, wato rukunin ƙwayoyin T mataimaka mai yaƙar cutar da ta ɓuya cikin ƙwayoyin jiki, kamar tarin fuka da gyambon leshmaniya da aka sani a yankin Mokolo na arewacin Kamaru. Ƙwan tsutsar tsargiya kuwa, wadda yara ke ɗauka wajen wanka a Tafkin Cadi, Th2 yake jawowa, wato rukuni na biyu mai yaƙar tsutsotsi. An bayyana wannan rabuwa gida biyu a 1986, aka ƙara rukuni na uku, Th17, wajen 2005.

Har yanzu masana na saɓani kan inda sinadarin IL-4 na farko mai kafa Th2 yake fitowa.