The Lord of the Rings: bambancin littafin Tolkien da finafinan Peter Jackson

The Lord of the Rings ƙagaggen labari ne na duniyar almara wanda J.R.R. Tolkien (1892–1973), farfesa a Jami'ar Oxford, ya rubuta. Kamfanin George Allen & Unwin ya buga shi a Ingila cikin juzu'i uku tsakanin Yulin 1954 da Oktoban 1955. A wurin marubucin, labari ɗaya ne mai kashi shida da rataye (ƙarin bayani a ƙarshen littafin). Tsadar bugu ce ta sa aka raba shi uku. Jigonsa shi ne tafiyar Frodo Baggins, ɗan ƙabilar gajerun mutane da ake kira Hobit, zuwa dutse mai aman wuta a ƙasar Mordor don ya halaka Zoben da ƙarfin mugun sarki Sauron ke cikinsa. Finafinai uku da Peter Jackson, ɗan ƙasar Niyu Zilan, ya ba da umarninsu sun fito a watan Disamba na 2001, 2002 da 2003.

Yadda aka kai ga fim

An sayar wa kamfanin United Artists haƙƙin mayar da littafin fim a 1969, daga baya ya koma hannun Saul Zaentz a 1976. Ralph Bakshi ya fitar da fim ɗin zane a 1978, amma ya tsaya a wajen rabin labarin. Jackson ya fara da kamfanin Miramax a kan finafinai biyu. Da kamfanin ya nemi a dunƙule su zuwa ɗaya, sai aikin ya koma New Line Cinema, wanda ya amince da uku. Jackson da Fran Walsh da Philippa Boyens ne suka rubuta su, Stephen Sinclair ya sa hannu a na biyu. An ɗauki duka ukun a tare a Niyu Zilan daga Oktoban 1999 zuwa Disambar 2000, cikin kwana 274. Tsawon waɗanda aka haska a sinima minti 178, 179 da 201 ne. Littafin kuwa ya haura shafi 1,000, don haka yanka ya zama dole. Ma'aunin da marubutan suka riƙe shi ne duk abin da ba ya ciyar da tafiyar Zoben gaba ana iya ajiye shi.

Abin da aka cire da abin da ya biyo bayansa

A littafi, shekara 17 ke tsakanin bikin cikar Bilbo, ɗan'uwan Frodo da ya bar masa Zoben, shekara 111 da fitar Frodo daga gida; Frodo yana da shekara 33 a ranar bikin, ya tashi yana da 50. Fim ya matse wannan tazara har ba a jin ta, ya ba da rawar ga matashi, Elijah Wood. Wannan ya ƙara wa labarin sauri, amma ya mayar da Frodo daga magidanci mai nazari zuwa yaron da ake ja.

An cire babi uku a jere: Tsohon Daji, gidan Tom Bombadil, da tuddan kaburbura. Cire Bombadil yana da hujja mai ƙarfi, domin shi kaɗai ne Zoben ba ya tasiri a kansa, kuma nuna shi da wuri zai rage wa ɗan kallo tsoron Zoben. Sai dai yankan ya bar giɓi can gaba. A kaburburan ne Merry, ɗan Hobit abokin tafiyar Frodo, ya sami takobin da mutanen dā suka ƙera musamman don yaƙar Sarkin Matsafa na Angmar, babban bawan Sauron. Da wannan takobin ya soke shi a bayan gwiwa a filin Pelennor, sihirin da ke riƙe da jikinsa ya karye, sannan Éowyn, jarumar ƙasar Rohan, ta gama da shi. A fim Aragorn, magajin sarautar ƙasar Gondor, shi ne ya raba wa 'yan Hobit takubba ba tare da wani tarihi ba, don haka ba a san dalilin da ya sa saran Merry ya yi tasiri ba.

Wani yankan an yi shi ne ta hanyar haɗe mutum biyu. Glorfindel, wanda ya ba Frodo dokinsa a hanyar Rivendell, mazaunin Elf (ƙabilar halittu marasa tsufa), ya ɓace, Arwen ta maye gurbinsa. A littafi da kyar take magana. Labarin soyayyarta da Aragorn yana cikin rataye ne, daga can marubutan fim suka ɗauko shi suka baza cikin finafinan uku.

Jerin lokaci

Juzu'i na biyu ya kasu gida biyu da ba sa haɗuwa: rabin farko na bin Aragorn da yaƙin Rohan har ƙarshe, sannan a koma baya a bi Frodo da abokin tafiyarsa Sam. Mai karatu yakan yi shafuka da yawa bai san halin da ɗaya ɓangaren ke ciki ba, kamar yadda mutanen labarin ba su sani ba. Fim ya saƙa ɓangarorin bisa kwanan wata. Da aka yi haka, sai ya bayyana cewa arangama da ƙatuwar gizo-gizo Shelob, wadda ta rufe juzu'i na biyu, ta zo daidai da lokacin da aka yi wa Minas Tirith, babban birnin Gondor, ƙawanya, don haka aka kai ta fim na uku. Mutuwar Boromir kuma, ɗaya daga cikin masu rakiyar Frodo, wadda ke buɗe juzu'i na biyu, an jawo ta ta rufe fim na farko. Wannan gyara na biyu ya yi kyau ƙwarai.

Sauya hali

A nan ne saɓanin ya fi zurfi, kuma nan ne masu karatu suka fi kuka. Ɗauke Shelob ya bar Frodo da Sam ba wani cikas a ƙarshen fim na biyu, sai aka mayar da Faramir, ƙanen Boromir, cikas ɗin. Faramir na littafi ya ce ko a gefen hanya ya tsinci Zoben ba zai ɗauka ba, da ya gane abin da Frodo ke ɗauke da shi kuma ya cika maganarsa, ya sallame su da guzuri. Na fim ya kama su ya kai su Osgiliath da niyyar miƙa wa mahaifinsa Denethor, mai riƙon mulkin Gondor, Zoben, sai daga baya ya sake su. Hujjar marubutan ita ce, bayan an shafe awanni ana nuna Zoben yana lalata zukata, ba zai yiwu wani ya kau da kai cikin sauƙi ba. Hujjar tana da nauyi, amma ta rushe abin da Tolkien ya gina: 'yan'uwa biyu, uba ɗaya, jarrabawa ɗaya, Boromir ya faɗi, ƙanensa ya tsallake.

Irin wannan hannun ya taɓa wasu. Aragorn na littafi yana yawo da karyayyen takobin kakansa, an sake ƙera shi kafin ya bar Rivendell, kuma bai taɓa shakkar gadon sarautarsa ba. Na fim yana gudun sarauta, bai karɓi takobin ba sai a fim na uku. Halittun Ent, makiyayan bishiyoyi, sun yi taro har kwana na uku suka yanke shawarar yaƙar Saruman, matsafin da ya haɗa kai da Sauron, da kansu. A fim sun ƙi, sai da Pippin, wani ɗan Hobit, ya yi dabara ya nuna wa babbansu Treebeard dajin da aka sare. Korar Sam da Frodo ya yi a kan gurasar tafiya saboda makircin Gollum, wanda ya riƙe Zoben a dā, babu ita a littafi. Denethor kuwa an zalunce shi: mutum ne mai kaifin basira wanda ya daɗe yana leƙen dutsen gani, dutsen sihiri mai nuna abin da ke nesa, Sauron yana nuna masa abin da zai karya masa zuciya kaɗai. Fim bai nuna dutsen a hannunsa ba, sai haukarsa ta zama ba dalili.

Yaƙe-yaƙe

Yaƙin Helm's Deep babi ɗaya ne a littafi, a fim ya ci kusan minti 40. An kawo rundunar Elf ƙarƙashin Haldir, alhali ba su halarta ba a littafi, kuma Éomer, ɗan'uwan Éowyn, shi ne ya zo da ɗauki tare da Gandalf, masanin sihiri mai taimaka wa su Frodo, maimakon Erkenbrand, wani shugaban mayaƙan Rohan. Abin lura shi ne, a wasiƙar da Tolkien ya rubuta a 1958 game da wani tsarin fim da Morton Grady Zimmerman ya shirya, ya ce idan lokaci bai isa ga labarin Ent da wannan yaƙin duka ba, to yaƙin za a cire.

Rundunar Matattu a littafi ta tsorata 'yan fashin teku ne a Pelargir, Aragorn ya sallame ta a nan, ya cika jiragen da mutanen kudancin Gondor, su suka yi faɗan Pelennor. A fim matattun ne suka share filin cikin ɗan lokaci, abin da ya rage darajar jinin da mahayan Rohan suka zubar.

Ƙarshen labari

A bakin ramin wuta, Gollum na littafi ya cije yatsan Frodo, yana rawar murna ya zame ya faɗa. A fim Gollum ya faɗa ne yana kokawa da Frodo. Babban yanka shi ne babin tsarkake Shire, ƙasar 'yan Hobit. 'Yan Hobit huɗu sun koma gida sun tarar Saruman ya kafa mulkin danniya, an sare bishiyoyi, an gina ma'aikata mai hayaƙi. Su da kansu suka tayar da jama'a suka ƙwato ƙasarsu, kuma a ƙofar gidan Frodo ne Gríma, baran Saruman, ya kashe ubangidan nasa. A gabatarwar bugu na biyu Tolkien ya ce wannan babi ginshiƙi ne da ya hango tun farko. A fim sun tarar da gida lafiya lau.

Abin da fim ya kawo da karɓuwarsa

Alan Lee da John Howe, masu zanen littattafan Tolkien, su suka tsara kamannin wurare. Howard Shore ya yi kiɗa, David Salo ya shirya kalamai cikin harsunan da Tolkien ya ƙirƙira. Kamfanin Weta ya samar da manhajar Massive da ke motsa dubban mayaƙa kowa da nasa motsi, kuma an gina Gollum a kwamfuta bisa murya da motsin Andy Serkis. Finafinan sun ci kyautar Oscar 17, na uku shi kaɗai ya ɗauki 11. Christopher Tolkien, ɗan marubucin, ya shaida wa jaridar Le Monde ta Faransa a 2012 cewa an mayar da littafin fim ɗin faɗa na matasa.

Dogayen bugu na faifai, masu minti 208, 223 da 251, sun dawo da kyaututtukan da Galadriel, uwargijiyar Elf, ta ba su Frodo, da fitowar da ta nuna yadda Denethor ke fifita Boromir a kan Faramir, da mutuwar Saruman, wadda aka mayar hasumiyar Orthanc. Bombadil da tsarkake Shire ba sa cikin kowane bugu.