Kwas ɗin sabunta tuƙin kariya ga direbobin manyan motoci a Maraɗi

Tuƙin kariya shi ne tuƙin da direba ke hango haɗari tun kafin ya iso, ya kuma bar wa kansa sararin kauce wa kuskuren wani. Kwas ɗin sabuntawa kuwa gajeren horo ne, na yini ɗaya ko ƴan kwanaki, da ake yi wa direban da ya riga ya mallaki permi ya daɗe a kan sitiyari. Aikinsa tuna wa direba abin da sabo ya mantar da shi, da gyara ɗabi'un da suka shige masa jiki bai sani ba.

Asali

A Amurka aka fara tsara wannan horo. A 1952 Harold Smith ya kafa tsarin da ke ɗauke da sunansa, wanda ya ginu a kan duban nesa, yawata ido, barin hanyar kuɓuta, da tabbatar da cewa wasu sun gan ka. A 1964 ƙungiyar kiyaye haɗurra ta Amurka, National Safety Council, ta fito da nata kwas. Tarayyar Turai ta mayar da abin dole ta wata doka ta 2003: direban babbar mota sai ya yi horon awa 35 a kowace shekara 5. A Nijar, hukumar ANISER ce ke da alhakin kiyaye haɗurran hanya.

Hanyoyin Maraɗi

Maraɗi garin fatauci ne, kuma a bayan kamiyo arzikinsa ke tafiya. Hanyar ƙasa mai lamba 1 ta taso daga Yamai ta bi Doso, Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, tafiyar sama da kilomita 600, sannan ta zarce Tasawa da Damagaram. Wata ta yi kudu ta Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina. A kansu ake jigilar wake, gero, dabbobi, siminti, da man matatar SORAZ ta Damagaram da aka buɗe a 2011.

Kwaltar ba ta direba ba ce shi kaɗai. Akwai amalanken jaki da ke dawowa daga gona bayan magariba ba fitila, akwai garken da makiyayi ke tsallakarwa, ga ƴan kabu-kabu, ga kasuwannin ƙauye da ke malalowa har bakin titi ranar da suke ci. Da hunturu hazo ke rufe gaba. Da damina ruwa kan ci gefen hanya, ramin da direba ya sani jiya ya wayi gari ya ninka.

Abin da ake koyarwa

Darasin farko, wanda ya fi wuyar shiga kan tsohon direba, shi ne tazarar tsayawa. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kusan mita 22 a kowace daƙiƙa. Kafin ido ya ga amalanke, ƙafa ta bar totur ta taka birki, iskar birkin ta isa ƙafafun baya, motar ta riga ta shafe tsawon tirela ko fiye. In gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata yana ninka huɗu. Direbobi da yawa sun san wannan a jikinsu amma ba su taɓa ganin sa a ƙasa ba. Shi ya sa malami nagari ke fitar da su fili, ya sa kowa ya ajiye dutse inda yake zaton motar za ta tsaya, sannan a gwada. Sau da yawa motar kan wuce duwatsun.

Sai wuraren da madubi ba ya nunawa. Ana jera babura a gefen dama da gaban hancin mota, a ce wa direba ya hau ya ƙirga. Wanda ya shekara ashirin yana tuƙi sai ya sauko ya tarar da babur ɗin da bai gani ba daf da tayarsa. Wannan gwaji kaɗai ya fi jawabin awa guda tasiri, musamman ga mai ratsa cunkoson bakin babbar kasuwa.

Ana kuma taɓa lodi. Doka mai lamba 14 ta 2005 ta UEMOA, ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ƙayyade nauyin da kowane gatarin mota, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin hagu da na dama, zai ɗauka, domin lodin da ya wuce ƙima yana kashe kwalta, yana ƙona birki, yana sa taya fashewa cikin zafin bazara. Lodi mai tsawo yana kifar da mota a kwana, haka man da ke kai da komo cikin tankar da ba ta cika ba. Abin da ya faru a Yamai a watan Mayun 2019, inda tankar mai ta kife kusa da filin jirgi ta kama da wuta ta hallaka sama da mutum 50 da suka taru kwasar mai, ya nuna muhimmancin darasin abin yi bayan haɗari: a kashe inji, a kafa alama nesa, a kori jama'a.

Gajiya da ƙwaya

Barci ba a cin bashinsa. Dokar Turai ta ce bayan tuƙin awa 4 da rabi sai an huta minti 45. A nan direba kan yi ta fama da shayi da goro, wasu har da tramol, don su kai kaya kafin kasuwa ta ci. Ƙwayar tana ɓoye gajiya, ba ta kawar da ita, kuma tana rage saurin da hannu da ƙafa ke amsa abin da ido ya gani. Kwas mai amfani yana koya wa direba alamun da ke zuwa kafin gyangyaɗi: yawan hamma, manta ƙauyen da aka wuce yanzu, mota tana zamewa gefe.

Matsaloli

Galibin direbobin yankin a hannu suka koyi sana'ar, daga yaron mota mai wanki da sa waigi har maigida ya miƙa masa sitiyari. Ilimi ne mai zurfi, sai dai kuskuren ubangida ma gadonsa ake yi. Kwas ɗin da aka yi da Faransanci a kan allo ba ya kai wa ga irin wannan direba. Sai an yi da Hausa, a tasha, kusa da mota, tare da yaran mota, kuma ta hannun sandikar direbobi da suke jin maganarta.

Babbar matsalar tana wajen masu motoci. Direban da ya ce, "Alhaji, tayar baya ta suɗe," aka amsa masa da "Lallaɓa ka kai wannan lodin tukuna," ba abin da takardar kwas za ta yi masa. Haka wanda ake biya bisa yawan sawu, don duk awar da ya kwanta daga aljihunsa ta fita. Saboda haka ya kamata mai mota da mai ba da lodi su ma su zauna ajin, ko da na rabin yini ne, su ji da kunnensu abin da tan biyar na ƙari ke yi wa birki, su kuma biya direban ladan ranar da ya ajiye mota ya je horo.