Rangwamen harajin fili domin kula da namun daji a jihar Texas

Rangwamen harajin fili domin kula da namun daji tsari ne na jihar Texas ta Amurka wanda ya ba mai gona ko filin kiwo damar daina noma da kiwo, ya koma kula da dabbobi da tsuntsayen daji a filinsa, ba tare da harajinsa ya tashi ba. Masu zaɓe ne suka amince da shi a watan Nuwamba na 1995, ta hanyar gyaran kundin tsarin mulkin jihar, ya kuma fara aiki a farkon 1996. Ba yafe haraji ba ne. Ana ci gaba da kimanta filin a matsayin ƙasar noma, ba da farashin da zai yi a kasuwa ba.

Asalin tsarin

Abubuwa biyu ne suka sa wannan doka ta yi nauyi a Texas. Na farko, kusan kashi 95 cikin ɗari na ƙasar jihar a hannun ɗaiɗaikun mutane da kamfanoni yake, don haka barewa ko tsuntsun da zai rayu a can, galibi a filin wani zai rayu. Na biyu, jihar ba ta karɓar harajin kuɗin shiga daga mutane. Makarantun gwamnati da gundumomi da birane sun dogara sosai da harajin fili da gidaje, shi ya sa yake da tsanani.

Tun 1966 aka fara sassauta wa manoma, amma sharuɗɗan sun yi tsauri: sai wanda noma ne babbar sana'arsa. A 1978 aka ƙara wani sashe a kundin tsarin mulki, wanda aka fi sani da 1-d-1, da ya mai da hankali kan abin da ake yi da filin maimakon wanda ya mallake shi. A ƙarƙashinsa ana duba matsakaicin ribar da irin wannan fili ke kawowa a shekaru biyar, a raba da wani adadi da ba ya gaza kashi 10 cikin ɗari. A ƙaddara eka ɗaya tana kawo ribar dala 10 a shekara. Za a kimanta ta a kan dala 100 ko ƙasa da haka, ko da kuwa tana dab da birnin Austin inda masu gine-gine za su saye ta da dubbai.

Sai dai gyaran ya zo da nasa ciwon. Kafin fili ya ci gaba da morar rangwamen, dole ya kasance ana noma ko kiwo a cikinsa gwargwadon yadda aka saba a yankin. Mutumin da ya gaji makiyaya wadda shanu da awaki suka cinye har duwatsu suka fito, ko da ya so ya bar ta ta huta, tsoron haraji ba zai bar shi ba. Wasu sun riƙa ajiye dabbobin da ba sa buƙata, ko su ba maƙwabci hayar ciyawa a kan kuɗi kaɗan, don kawai mai kimantawa ya zo ya ga shanu. Wannan tilas ɗin ne gyaran 1995 ya cire, kuma a nan darajarsa take: bai ba kowa sabon rangwame ba, ya dai daina hukunta wanda ya fitar da garke domin ƙasa ta farfaɗo.

Sharuɗɗa

Sharaɗi na farko shi ne filin ya kasance yana kan kimar noma ko ta gandun katako a shekarar da ta gabata. Shiga wannan sahu kuwa tun farko yana buƙatar a yi noma ko kiwo shekara biyar cikin bakwai da suka wuce. Na biyu, dabbobin da ake kula da su dole su zama ’yan asalin Texas, ko masu hayayyafa a wurin, ko masu ratsawa lokacin ƙaura, ko masu yin hunturu a can. Barewar axis da gadar blackbuck da aka shigo da su daga Indiya, waɗanda suka cika wasu gonakin farauta, ba sa cikin lissafi. Doka ta kuma ce kulawar ta zama domin amfanin mutane, kamar abinci ko magani ko shaƙatawa, kuma ba farauta kaɗai ce shaƙatawa ba. Kallon tsuntsaye ma yana ciki.

Sai ayyuka bakwai da doka ta lissafa, waɗanda ake bukatar mai fili ya yi aƙalla uku a kowace shekara: gyaran mazaunin namun daji, hana zaizayar ƙasa, rage dabbobi masu ɓarna, samar da ƙarin ruwa, samar da ƙarin abinci, samar da mafaka, da ƙidaya. Mai fili yana rubuta tsarin aikinsa a fom ɗin Hukumar Gandun Daji da Namun Daji ta Texas, ya miƙa wa ofishin kimanta haraji na gundumarsa kafin 1 ga Mayu. Ofishin ne ke amincewa ko ƙi, kuma yana iya neman rahoton shekara-shekara, ko ya turo jami'i ya gani da idonsa.

A aikace abin ya bambanta daga yanki zuwa yanki, domin dazuzzukan gabas masu ruwa ba ɗaya suke da hamadar Trans-Pecos ta yamma ba, kuma hukumar ta fitar da jagora daban ga kowane yanki. Gyaran mazauni na iya zama ƙona ciyawa bisa tsari, ko sare wasu itatuwa, ko shuka ciyawar asali. Ruwa sau da yawa rufin kwano ne a karkace, yana tara ruwan sama cikin tanki, da ɗan kwami a ƙasa inda ƙananan dabbobi za su iya sha. Mafaka kuwa akwatunan sheƙa ne a kan sanduna, ko ɗakin jemagu, ko tarin rassa da aka bari da gangan domin ƙananan tsuntsaye su ɓuya. Ƙidayar barewa ana yin ta da dare: mota tana tafiya a hankali kan hanya ɗaya da aka saba bi, mutane a baya riƙe da fitila mai ƙarfi suna ƙirga idanun da ke ƙyalli a duhu, a maimaita dare da dama kafin a fitar da adadi.

Rage masu ɓarna ya haɗa da aladun da suka koma daji, da jajayen tururuwa masu cizo da suka shigo daga nahiyar Amurka ta Kudu. Akwai kuma wani tsuntsu mai bin shanu, Molothrus ater, wanda macensa ba ta gina sheƙa. Takan saka ƙwanta a sheƙar ƙaramin tsuntsu, shi kuma ya yi ta ciyar da ɗan da ba nasa ba, nasa ’ya’yan suna mutuwa da yunwa. Masu filaye da suka samu horon hukuma suna ɗana masa tarkon keji a lokacin hayayyafa. Irin wannan aiki, a filayen gwamnati da na ɗaiɗaikun mutane, yana cikin abin da ya taimaki tsuntsun vireo mai baƙin kai har aka cire shi daga jerin masu fuskantar ɓacewa a 2018. Maƙwabcinsa mai kumatu ruwan zinariya, Setophaga chrysoparia, wanda a duk duniya tsakiyar Texas kaɗai yake sheƙa, da ɓawon tsofaffin itatuwan junifa, yana cikin jerin tun 1990.

Girman fili da sauya amfani

A 2001 majalisar jihar ta umarci hukumar namun daji da ofishin kwanturolan kuɗi su fitar da ƙa'idoji na bai ɗaya, saboda yadda ake yanyanka manyan gonaki ana sayarwa. Idan an rage girman fili, sai ragowar ta kai wani mizani kafin ta cancanta: daga wajen eka 12.5 a gabas, har zuwa eka 100 a wasu gundumomin yamma mai fari. Maƙwabta masu ƙananan filaye na iya haɗa ƙungiya su yi aiki da tsari guda, a ɗan sassauta musu mizanin.

Wanda ya mai da filinsa rukunin gidaje ko kasuwa zai biya bambancin harajin shekarun baya. A da shekara biyar ne da kuɗin ruwa kashi 7. A 2019 aka rage zuwa shekara uku da kashi 5, a 2021 kuma aka cire ruwan.

Tasiri da suka

Binciken Jami'ar Texas A&M ya nuna filayen da ke kan wannan tsari sun tashi daga ƙasa da eka 100,000 a 1997 zuwa sama da miliyan 5 a 2017. Da yake kimar ba ta sauya daga ta noma, gundumomi ba su rasa abin da suke karɓa a da ba, kuma hakan ne ya sauƙaƙa amincewa da dokar.

Suka mafi ƙarfi ita ce doka tana auna aiki ne, ba sakamako ba. Mutum na iya rataye akwatunan sheƙa, ya kafa mazubin abinci, ya ɗaura kyamara a itace, ya cika sharaɗi uku, alhali ciyawar filinsa ba ta gyaru ba. Wasu kuma na ganin masu kuɗin birni da ke sayen gonaki don hutun ƙarshen mako ne suka fi cin moriya. Abin da ya fi damuwa shi ne ƙofar shiga: dajin da ba a taɓa nomawa ko kiwo a cikinsa ba, wanda shi ne ya fi dacewa da namun daji, ba ya iya shiga kai tsaye. Galibi sai mai shi ya sa dabbobi ko amyar zuma na tsawon shekara biyar tukuna.

Wasu wurare sun bi wata hanya. Lardin Ontario na Kanada yana yafe harajin gaba ɗaya a kan ɓangaren fili da hukuma ta tabbatar yana da muhimmanci, kamar manyan fadamu, muddin mai shi ya yarda ba zai lalata shi ba. A Afirka ta Kudu, dokar harajin ƙananan hukumomi ta 2004 ta hana ɗora haraji a kan ɓangaren fili da aka ayyana a matsayin gandun kariya wanda ba a gina ko ake kasuwanci ko noma a kai ba, sannan daga 2015 mai irin wannan fili na iya cire darajarsa daga harajin kuɗin shigarsa cikin shekara 25.