Tsohon gida a harabar jami'a: me doka ta yarda a yi da shi?

Jami'ar Jos ta fara ne a 1971 a matsayin reshen Jami'ar Ibadan, ta tsaya da ƙafarta a 1975, a garin da ke cike da gidajen dutse na zamanin haƙar kuza. Irin wannan gida, idan ya shigo hannun makaranta, yau ofis ne, gobe masaukin baƙi, jibi a ce a rushe shi. To, tsufa kaɗai ba ya kare gini a idon doka.

Dokar da ke magana ita ce ta 1979 wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa. Idan hukumar ta ga gini ya cancanci kariya, sai ta buga sanarwa a gazet na tarayya da na jiha, ta kuma kai wa mai ginin kwafi. Mai ƙorafi yana da wata biyu ya shigar da shi. Shugaban ƙasa ne ke da ikon ayyana ginin a ƙarshe, amma tun ranar da sanarwa ta fito laifi ne a rusa ko a sauya masa fasali ba tare da rubutaccen izinin hukuma ba.

Ayyanawa ba ƙwace ba ce. Gida yana nan hannun mai shi, kuma ana iya sauya amfaninsa. Gidan Makama na Kano, wanda sarauta ta zauna a ciki, yanzu gidan tarihi ne. Inda ake samun matsala shi ne wurin gyara. Ɗan kwangila ya zo ya shafe bangon ƙasa da siminti, danshi ya rasa hanyar fita, bayan 'yan damina shafen ya ɓamɓaro da ƙasar da ke bayansa. Ko a fasa bango don saka na'urar sanyaya ɗaki, ko a bar indararo ya toshe har azara ta ruɓe. Kafin magini ya ɗaga guduma, a ɗauki hoton kowane ɗaki, a auna, a tura wa hukuma zanen aikin. Mai son ganin kwaikwayon ginin ƙasa na asali ya leƙa gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke kusa da Gidan Tarihi na Jos.

Hukuncin lalata ginin da aka ayyana kuwa: tarar naira 1,000 ko ninkin darajarsa biyu, duk wanda ya fi yawa, ko ɗaurin wata 12, ko duka biyun. Naira dubun nan yau ko buhun siminti ba ta saye. Ninkin darajar ne ke cizo.